Bireka: Mai Gadin Gida Daga Gobarar Lantarki

Jama'a, wutar lantarki ta shiga ƙauyuka da yawa. Wasu suna samunta daga babban layi, wasu daga janareta, wasu daga sola. Duk gidan da aka ja wa wuta yadda ya kamata, akwai wani ɗan akwati a jikin bango. A cikinsa akwai makunnai a jere. Masu gyaran wuta suna kiran kowanne ɗaya bireka.

Mene ne amfaninsa?

Kowace waya tana da iyakar wutar da za ta iya ɗauka. In aka ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta, sai ta yi zafi, robar jikinta ta narke, gobara ta tashi. Aikin bireka shi ne ya yanke wuta kafin a kai ga haka.

Yaya yake aiki?

A cikinsa akwai wani ɗan falle na ƙarfe iri biyu da aka manne wuri ɗaya. In wuta ta yi yawa, fallen ya ɗau zafi, sai ya lanƙwashe ya ture makunni. Wuta ta ɗauke.

Akwai kuma waya naɗaɗɗiya. In wayoyi biyu suka haɗu a tsirara, wuta mai yawa takan kwararo lokaci guda. Sai naɗin nan ya zama maganaɗisu, ya fizge makunni kafin ƙiftawar ido.

Ku duba lambar da ke jikinsa: 10, ko 16, ko 32. Wannan ita ce yawan wutar da aka yarje masa ya wuce da ita. Ma'auninta ana ce masa amfiya. Dutsen guga kaɗai yakan ja wajen amfiya 4 ko 5.

Fis ma yana yin wannan aiki, amma shi ƙonewa yake yi, sai an sake sabo. Bireka kuwa ɗaga shi kawai ake yi.

A ina ake sa shi?

A gidaje, da asibitoci, da makarantu, da wurin injin niƙa, da famfon burtsatse. Akwai manya-manya a tashoshin wuta, irin ta Kainji.

In ya faɗi fa?

Kashe kayan wuta duka, ka cire su daga soket. Sannan ka ɗaga shi. In ya sāke faɗuwa, to akwai ɓarna a waya. Kira mai gyaran da ya san aikinsa.

Kada ka ɗaure shi da waya. Kada ka yarda a zagaye shi, ko a sa wanda ya fi ƙarfin wayar gidanka. Wanda ya yi haka ya kori mai gadi, ya bar ƙofa a buɗe.

A kula kuma: bireka na yau da kullum waya yake karewa. Ba ya hana wuta jan mutum. Saboda haka kada a taɓa kayan wuta da jiƙaƙƙen hannu, a kuma ja wa yara kunne.