Daga sanyin Nairobi zuwa tsibirin Mombasa: jirgin ƙasan da ya canza kasuwa

Birnin Nairobi, fadar gwamnatin ƙasar Kenya, bisa tudu yake, sama da mita 1,600 daga bakin teku. A watannin Yuni da Yuli sai ka ga mutane da rigunan sanyi, kamar mu nan lokacin hunturu. Mombasa kuwa tsibiri ne cikin ruwan tekun Indiya, mai gumi da itacen kwakwa da farin rairayi. Tsakanin biranen biyu akwai kusan kilomita 480, kuma tun shekara ta 2017 jirgin ƙasa yake cinye wannan nisa cikin awa 5 zuwa 6.

Sunan jirgin Madaraka Express. Shugaba Uhuru Kenyatta ne ya buɗe shi ranar 31 ga watan Mayu na 2017. Wani kamfanin Sinuwa ya shimfiɗa hanyar, a kan kuɗin da ya wuce dalar Amurka miliyar 3, kuma mafi yawan kuɗin bashi ne daga wani bankin ƙasar Sin. Kafin shi akwai tsohon jirgin da Turawan Ingila suka fara gina hanyarsa daga Mombasa a 1896, da dubban leburori da suka ɗauko daga Indiya. Hanyar ta iso wurin da yake Nairobi yau a 1899, lokacin nan fadama ce kawai. Ke nan jirgin ƙasa ne ya haifi birnin. Wancan tsohon jirgi, kwana ake yi cikinsa, wani zubi har rana ta take bai iso ba.

Mai son tafiya sai ya fara sayen tikiti, kuma mafi yawan mutane da wayar salula suke biya, ta tsarin M-Pesa. Daga farkon 2024 aka mai da kujerar talakawa sulen Kenya 1,500, wato tsakanin jika 6 da jika 7 na kuɗinmu, ta manya kuma 4,500. Tashar tana Syokimau, bayan gari, kusa da filin jirgin sama. Sai an yi sammako, don ana binciken kaya kamar na mai shiga jirgin sama, har da karnuka, kuma baƙo sai ya nuna fasfo. Jirgin ba ya jiran kowa: ba zancen "sai mota ta cika".

Da jirgi ya tashi, sai gangara. Ana wuce Athi River, Emali, Kibwezi da Mtito Andei. In sararin sama ya yi garau, ana iya hango dutsen Kilimanjaro can ta hannun dama. Daga nan sai gandun dajin Tsavo, inda aka ɗaga hanyar bisa gadoji don namun daji su riƙa ratsawa ta ƙasa. Fasinjoji kan yi dafifi bakin taga suna kallon giwaye da suka yi ja saboda birgima cikin jar ƙasa. A wannan dajin ne, a 1898, wasu zakuna biyu suka addabi leburorin tsohuwar hanya, suna ɗauke mutane cikin dare. Bayan Voi da Mariakani iska ta fara nauyi, zufa ta fara karyowa: an kusa teku.

Jirgin yana tsayawa Miritini, kafin a shiga tsibirin, sai a ƙarasa ta gadar Makupa. Mombasa tsohon garin fatauci ne na Musulmi Suwahili. Shehin matafiya Ibn Battuta ya kwana can a 1331, shi ɗin nan da ya ratso Takedda ta yankin Agadas a 1353. A bakin ruwa akwai ganuwar Fort Jesus da Turawan Fotigal suka gina a 1593, wadda daga baya Larabawan Oman suka ƙwace. Cikin tsohon gari lunguna ne matsattsu da ƙyamaren katako masu zane, ga masallatai ta ko'ina.

Ga ƴar kasuwa, wuri biyu ne ba a barin su. Na farko kasuwar Marikiti, inda ƙamshin kanumfari, citta, kirfa da masoro ke tarbar mutum tun daga ƙofa. Na biyu titin Biashara, kalmar da ke nufin kasuwanci da harshen Suwahili. Nan ake sayar da kanga, zanen matan bakin teku, wanda ake saye biyu-biyu, ɗaya a ɗaura ɗaya a yafa. Kowane zane da karin maganar da aka rubuta a gefensa, har mace kan yi wa kishiya habaici ba tare da ta buɗe baki ba.

To amma jirgin bai zo wa kowa da alheri ba, kuma nan ne ya kamata ƴan kasuwa su buɗe kunne. Tashar jiragen ruwa ta Mombasa ita ke ciyar da Uganda, Ruwanda da Sudan ta Kudu, ƙasashen da ba su da teku, kamar mu. Shekara da shekaru manyan motoci ke kwasar kayan. Don a samu abin biyan bashin Sinuwa, daga 2018 gwamnati ta tilasta a riƙa ɗora kwantenoni bisa jirgin ƙasa zuwa Nairobi. Nan take motoci suka ragu bisa hanya. Mai tuwo, mai shayi, mai faci, mai masauki da ɗan dako na garuruwan bakin titi suka ga ciniki ya mutu, masu fiton kaya na Mombasa suka yi ta zanga-zanga. Sai a watan Satumba na 2022 sabon shugaba William Ruto ya soke wannan tilas, ya ce kowa ya zaɓi hanyar da yake so.

Wannan labari bai yi nisa da mu ba. A watan Fabrairu na 2021 Najeriya ta ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Katsina da Jibiya. Ranar da jirgi ya fara busa a Maraɗi, kuɗin dakon albasa, wake da dabbobi na iya sauka, tafiya Kano ta yi sauƙi. Amma abin da aka gani a Kenya shi ne ciniki yakan bi tasha: inda jirgi ke tsayawa nan kasuwa ke ci, inda yake wucewa a guje sai dai a ɗaga masa hannu.

Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata su nemi magabata tun yanzu, su ji inda za a aza tasha, wa za a ba rumfuna kewayenta, nawa ne kuɗin buhu, da kuma makomar masu sana'ar bakin hanyar Ɗan Isa. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.