Ƙanƙara ce ke auna na'urar musayar iska

Bayan tsadar man fetur ta 1973, magina a Kanada da arewacin Turai sun duƙufa wajen toshe kowace kafa ta gida don ɗumi ya daina zurarewa. Dabarar ta ci, sai dai ta zo da nata ciwon: tururin girki da na wanka da numfashin mutane suka rasa mafita, bango ya yi danshi, funfuna ta kama. Maganin da aka samo shi ne na'urar da ke fitar da tsohuwar iska ta shigo da sabuwa, su ratsa tsakanin siraran faranti ba tare da sun gauraya ba, mai fita ta bar wa mai shiga zafinta. Gidan gwajin da aka gina a birnin Rijaina na Kanada a 1977 yana cikin na farko da aka saka wa irinta, kuma ƙa'idar gidajen Passivhaus ta Jamus ba ta karɓar na'urar da ke ceto ƙasa da kashi 75 cikin ɗari na zafin.

Wannan adadi da shi ake talla, amma ba shi ya kamata mai saye ya fara tambaya ba. Iskar da ke fita tana ɗauke da laima, kuma da ta taɓa faranti mai sanyi sai ta yi raɓa, kamar kwalbar ruwan da aka ciro daga firji. Idan sanyin waje ya kai wajen digiri 5 ƙasa da sifili, raɓar nan takan fara daskarewa ta toshe hanyar. Abin takaici, na'urar da ta fi iya ƙwace zafi ita ta fi saurin daskarewa, domin ita ta fi sanyaya iskar da ke fita. Shi ya sa ƙa'idar gwaji ta Kanada ke sa na'ura ta yi awa 72 a digiri 25 ƙasa da sifili.

Kowace hanyar narkarwa da kuɗinta. Wasu na'urori sukan rufe ƙofar waje su juya iskar ɗaki cikin faranti har ƙanƙarar ta narke, a lokacin kuwa babu sabuwar iska ko kaɗan. Wasu sukan tsayar da fankar shigarwa su bar ta fitarwa, abin da kan iya janyo hayaƙin murhun itace ya dawo ɗaki, wannan kuwa haɗari ne ga rai. Hanya ta uku ita ce ɗumama iskar da hita kafin ta isa faranti. Masu suka na cewa wannan cin wuta ne a na'urar da aka ƙera don tsimi. Maganarsu gaskiya ce, amma hitar tana aiki ne kawai a ranakun tsananin sanyi, iska kuma ba ta yankewa. Mai cewa a bar na'urar gaba ɗaya a buɗe taga kawai bai yi la'akari da cewa a digiri 30 ƙasa da sifili ba wanda zai bar ta a buɗe ba.

A yankin Nunabut, inda 'yan ƙabilar Inuwit ke zaune a cunkushe cikin ƙananan gidaje, laima ta fi yawa, sanyi ya fi tsanani, cutar huhu kuma tana addabar jarirai. A can, na'urar da ke yawan tsayawa don narkarwa, ko ta riƙa huro iska mai sanyi, mazauna gida kashe ta suke yi, wadda aka kashe kuwa adadin da ke jikin takardarta bai amfani kowa ba.