Aiki ba takarda a Amurka: abin da dokokin jihohi suka ce, da abin da ake ƙara musu

Tun da jihar Florida ta kafa dokarta ta baƙi a 2023, saƙonnin murya ke ta yawo a WhatsApp tsakanin 'yan uwanmu na Bronx da Houston da iyalansu na gida. Wani ya ce an fara ɗaure duk baƙon da aka samu a wurin aiki. Wani ya ce a gudu New York, can ana raba izinin aiki. Duka biyun akwai ɗan abin da suka jingina da shi, amma an yi musu ƙari, kuma mutane na barin aiki ko ƙaura da iyali saboda su.

Tushen maganar shi ne izinin aiki a Amurka na hannun gwamnatin tarayya. Dokar 1986, wadda Shugaba Reagan ya sa wa hannu, ita ce ta haramta wa mai kamfani ɗaukar wanda ya san ba shi da izini, ta kuma kawo fom ɗin I-9 da kowane sabon ma'aikaci ke cikewa, har ɗan ƙasa. Don haka batun New York ko California na ba da izinin aiki ƙarya ne. Abin da suke bayarwa lasin tuƙi ne: California tun 2015, New York tun 2019, ba tare da tambayar takardar zama ba. Lasin yana da amfani ƙwarai, amma bai halatta wa kowa aiki ba.

Shin jiha na iya hukunta marar takarda don ya nemi aiki? Arizona ta gwada a dokarta ta 2010, Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe a 2012, ta ce majalisar tarayya ta riga ta zaɓi ɗora laifin a kan mai ɗaukar aiki. Sai dai kotun ta bar wa 'yan sandan jihar damar tambayar takardun wanda suka tsayar bisa wani dalili na doka. Kuma kada kowa ya ɗauka wannan kariya ce daga jami'an shige da fice na tarayya. Su suna da ikon kama marar takarda a kowace jiha.

Inda jihohi ke da ƙarfi da gaske shi ne kan masu kamfanoni. Akwai wani tsari na intanet, E-Verify, da ake shigar da bayanan ma'aikaci a gwada su da rajistar gwamnati. A dokar tarayya ba dole ba ne ga yawancin kamfanoni masu zaman kansu. Arizona ta wajabta shi daga 2008, da barazanar ƙwace lasisin kasuwanci, Kotun Ƙoli ta amince mata a 2011. Florida ta wajabta shi ga kamfani mai ma'aikata 25 zuwa sama daga 1 ga Yulin 2023. Wannan gaskiya ne, kuma ya ƙuntata wa marasa takarda sosai a gine-gine da gonaki da otel-otel.

A nan ne nake so masu takarda su buɗe kunne, domin su ma abin na shafarsu. Mutum sunansa Muhammad a fasfo, Mohammed a katin Social Security, ko an juya masa sunan uba ya zama nasa. Kwamfuta sai ta ce bayanai ba su dace ba. Manaja ya kira shi ofis, shi kuma don tsoro ya tattara kayansa ya tafi. Bai kamata ba. Wannan sakamako na wucin gadi ne, ma'aikaci na da ikon ƙalubalantarsa, kuma haramun ne a kore shi kafin a kammala bincike. Haka ma mai kamfani ba shi da ikon cewa lallai sai ka kawo girin kad. Kai ke zaɓar abin da za ka nuna daga jerin takardun da ke jikin I-9.

Zancen da ake yaɗawa kan zuwa asibiti kuwa, gaskiya ne dokar Florida ta sa asibitocin da ke karɓar kuɗin Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati, su tambayi matsayin marar lafiya. Amma yana iya ƙin amsawa, kuma dokar tarayya ta hana sashen gaggawa juya wa kowa baya. Mace mai naƙuda ta zauna a gida saboda saƙon murya, wannan shi ne abin da ya fi tayar min da hankali. Yara ma, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1982, jiha ba ta isa ta hana su makarantar gwamnati ba.

Sai jita-jitar da azzaluman iyayen gida ke son ta yaɗu, wai marar takarda ba shi da hakkin kuɗin aikinsa. Dokar mafi ƙarancin albashi da ta kuɗin ƙarin awanni ta shafi duk wanda ya yi aikin, da takarda ko babu. Mai bizar ziyara dai ba shi da izinin aiki ko na rana ɗaya, ɗalibi mai bizar F-1 kuma awa 20 a mako aka yarje masa a cikin harabar makaranta lokacin karatu, kuma babu jihar da ke iya ƙara masa ko awa guda.