Ƙwaƙwalwa ma tana ciwo

Nauyin ƙwaƙwalwar babban mutum bai kai kilo 1 da rabi ba, amma ita ke riƙe da tunani da magana da hali. Kowane sashe nata da aikinsa. Ga abubuwa 3 da ke iya taɓa ta.

1. Bugu a kai

Sashen goshi shi ne linzamin mutum: da shi ake haƙuri da shawara. A shekarar 1848, a Amurka, wani dogon ƙarfe ya huda kan Phineas Gage, ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa, ya ɓata masa wannan sashe. Bai mutu ba, amma halinsa ya sake: mai natsuwa ya koma mai fushi da zagi. Haka na iya samun wanda ya faɗo daga kabu-kabu ko amalanke ko doki.

2. Babban firgici

Can ciki akwai ɗan sashe kamar ƙwayar gujiya, shi ne mai gadin jiki. Wanda ya ga hari ko gobara, mai gadin nan kan ƙi kwantawa ko bayan abin ya wuce. Sai mugun mafarki da faɗuwar gaba da yawan zabura.

3. Baƙin ciki mai daɗewa

Damuwa na sa jiki ya riƙa zuba wani sinadari, kortizol, cikin jini. In ta daɗe, sashen ajiyar tunani, wato rumbun ƙwaƙwalwa, na iya raguwa. Mutum ya kama mantuwa, barci ya ɓaci, kome ya fita daga ransa. Wannan ciwo ne, ba ragonci ba.

Me ya kamata mu yi?

- Mai hawa moto ya sa hular kwano.
- Bayan bugu a kai, in an ga amai, ko yawan barci, ko jijjiga, ko jini daga kunne, a gaggauta zuwa likita.
- Baƙin cikin da ya wuce sati 2, a gaya wa ma'aikacin lafiya. Mai zancen kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai.
- Kada a ɗaure marar lafiya, kada a buge shi.

Da magani da haƙurin dangi, ƙwaƙwalwa na iya farfaɗowa. Gage ma daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki a ƙasar Chili. Sannu ba ta hana zuwa.