Kiwon Kaji a Cikin Gari

A unguwa irin Tudun Wadan Kaduna, inda gidaje ke manne da juna, ƙwai na mai kaza ne, amma wari da ƙuda na maƙwabta duka ne. Saboda haka wanda ya yi niyyar kiwo, ya fara neman shawarar duba-gari, gama su ke tuhumar gida mai ƙazanta. Ɗan haya kuwa, sai da yardar mai gida.

Akurki ya yi nesa da rijiya, iska na shigarsa, a shimfiɗa ɓuntun shinkafa a ƙasa. Kaji biyar ko shida sun isa fari.

Babban abin tsoro shi ne fakat, wadda kan share akurki cikin 'yan kwanaki, tun ba da hunturu ba. Ba ta da magani sai rigakafi, irin wanda ake haɗawa a Vom. Kazar da aka sayo a kasuwa, lalle a ware ta mako 2 tukuna, kome kyanta.

In kaji suka soma mutuwa birjik, kada a yanka a ci, a gaya wa likitan dabbobi. A wata gona a Jaji murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Nijeriya cikin 2006, ita kuwa takan kama mutum.