Mudun mai keke

Duk macen da ta daɗe a madafa tana da gwangwaninta na awon shinkafa. Ba ruwanta da ko ya zo daidai da mudun kasuwa. Ta san uku ke ciyar da gidan, idan an yi baƙi a ƙara ɗaya. Abin da zai ɓata mata girki shi ne gwangwanin da yau zai ci kaza, gobe ya ci wani abu daban. Da wannan idon nake kallon na'urorin da masu tseren keke ke saye don auna ƙarfin da ƙafa ke zubawa a feda.

Aikinsu ba shi da wuyar ganewa. Idan ka taka feda, ƙarfen da ke riƙe da ita yakan ɗan lanƙwashe, lanƙwasar da ido ba ya gani. Wasu siraran wayoyi da aka manna a jikinsa ne ke jin ta, na'urar ta haɗa da saurin juyin ƙafa, ta fitar da lissafi da wat. Wani injiniya Bajamushe, Ulrich Schoberer, ya buɗe wannan hanya da kamfaninsa SRM a 1986, kuma shekaru da yawa sai manyan 'yan tsere irin su Greg LeMond ke iya mallakar na'urar, don tsada.

Kamfanin Stages na Amurka ne ya karya farashin a 2012, da dabarar auna ƙafar hagu kaɗai a ninka biyu. Masu raini suka ce wannan ai rabin awo ne. Da gaskiyarsu: kusan kowa ƙafarsa ɗaya ta ɗan fi ɗaya, kuma idan gajiya ta zo bambancin yakan sauya. Wanda hagunsa ke ba da kashi 48 cikin 100, na'urar za ta tauye masa kashi 4 na aikinsa. Amma in kullum haka take tauyewa, mai ita zai ga ko ya ƙaru daga watan jiya zuwa yau, kuma abin da ya biya kuɗi ya sani ke nan. Ƙungiyar Team Sky ma ta ɗauki Stages a 2014, ba ta ji kunya ba.

Alƙawarin da ke jikin kwali, wai kuskuren bai wuce kashi 1 ko 2 ba, bai cika burge ni ba. A wat 250, kashi 2 wat 5 ne kacal. Abin tambaya shi ne yadda na'urar ke yi idan an fita da sanyin asuba aka dawo rana tsaka, domin ƙarfe yana jin zafi, awo kuma ya goce. Masu kyau suna gyara kansu a kan hanya. Wasu sai ka tsaya ka mayar da su sifili kafin ka hau. Sai maganar ruwa. Ƙaramin murfin batir da bai rufe da kyau ba ya kashe na'urori fiye da faɗuwa, a ganina.

Ga mai keke fiye da ɗaya, feda mai awo irin Assioma ta kamfanin Favero na Italiya, ko Rally ta Garmin, ta fi sauƙi: ka kwance daga wannan ka ɗaura wa wancan. Sai dai ita ce mai fara dukan ƙasa. Wadda ke zaune tsakiyar farantin kaca, irin ta Quarq ko Power2max, ta fi samun kariya, amma ba kowane keke take shiga ba.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a kwali. A 2024 Stages ya dakatar da aiki ya sallami ma'aikata, kafin daga baya kamfanin Giant na Taiwan ya sayi kadarorinsa. A tsakanin nan masu na'urar suka shiga neman wanda zai yi musu gyara. Shi ya sa kafin in tambayi farashi, nakan fara tambayar inda ake kai ta idan ta lalace, da ko za a samu kayanta bayan shekara biyar.