Caushesku: Shugaban da Ya Biya Bashi da Cikin Talakawa

Nikolai Caushesku ɗan manomi ne, an haife shi a wani ƙauye na kudancin Romaniya a 1918. Tun yana yaro ya tafi Bukares koyon gyaran takalma, a can ya faɗa hannun 'yan gurguzu. Ya sha ɗauri, kuma a kurkuku ya zama ɗan gaban goshin Giyorgiyu-Dej, wanda daga baya ya mulki ƙasar. Da ubangidan nasa ya mutu a 1965, sai ragamar jam'iyyar gurguzu ta koma hannunsa.

Da farko har tafi aka yi masa. A 1968, lokacin da Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka mamaye Cekoslobakiya, ya hana sojojinsa zuwa, ya fito bainar jama'a ya la'anci mamayar. Ƙasashen Yamma suka ga sun samu ɗan gurguzun da ba ya jin maganar Mosko. Shugaba Nixon na Amurka ya ziyarce shi a 1969, Sarauniyar Ingila ta sauke shi a fadarta a 1978. Masu karrama shin sun san cewa tun 1966 ya kafa dokar hana zubar da ciki don a ƙara yawan ma'aikata, dokar da ta yi ajalin dubban mata, ta cika gidajen marayu. Sun san aikin 'yan sandan cikinsa, Sekuritate. Suka kau da kai, bankunansu kuma suka buɗe masa bakin aljihu.

Bashin nan ne ya zame wa mutanen ƙasar alaƙaƙai. Zuwa farkon shekarun 1980 ya kai kusan dala biliyan 10, sai girman kai ya sa ya yanke shawarar biyan sa kakaf, komai wuya. Nama da hatsi suka koma na sayarwa a waje. A gida kuwa burodi da sukari da mai sai da kati, mutane su fito tun asuba su bi layi cikin ƙanƙara, galibi a dawo da jaka ba komai. Ana ɗauke wuta, ana rage ɗumama gidaje a tsakiyar hunturu, talabijin ta koma awa 2 a rana, mafi yawanta kirarin shugaba da matarsa Elena. Duk da haka, a daidai wannan lokaci ya rushe tsofaffin unguwannin Bukares don gina wata makekiyar fada da ya kira Gidan Jama'a. Jama'ar dai ba su ga ko ƙyallin alherinta ba.

A Afrilun 1989 ya shelanta cewa an gama biyan bashi, amma layin burodi bai ragu ba. A tsakiyar Disamba bore ya ɓarke a Timishwara kan yunƙurin korar wani fasto, jami'an tsaro suka buɗe wuta. Wanda ya shekara 24 ba a faɗa masa gaskiya ba, sai ya ɗauka har yanzu ana son sa: ranar 21 ga wata ya tara gangami a Bukares. Yana tsaka da jawabi aka fara yi masa ihu, ya tsaya baki buɗe yana ɗaga hannu, ƙasa duka tana kallo kai tsaye. Washegari sojoji suka juya masa baya, ya tsere tare da Elena a jirgi mai saukar ungulu.

Ba su yi nisa ba aka kama su. Ranar 25 ga Disamba wata kotun soja a Targobishte ta yi musu shari'ar gaggawa, wadda ko maƙiyansa da dama ba su kira ta adalci ba, aka harbe shi da Elena nan take. Makonni 2 bayan haka sabuwar gwamnati ta soke hukuncin kisa a Romaniya.